Jika Uku Kafin Roƙon Ruwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Yake riƙe ruwa a sama gwargwadon hikimarSa, Ya sake shi gwargwadon rahamarSa, ba mai tambayarSa dalili. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, sallama gare ka, kai da wannan takarda za ta faɗa hannunka, ko ina raye ko an riga an rufe ni. Ban rubuta don in koyar da kowa ba. Gidan ne ya yi shiru, alƙalami kuwa yana da ɗan sauti idan yana tafiya a kan takarda.

Talata, 11 ga Shawwal 1404, Maijirgi, bayan la'asar

Ni ne Abdurrahamane, limamin wannan gari. Shekaru masu yawa na zauna a kotun Tasawa gefen alƙali, ina faɗa masa abin da shari'a ta ce a kan gado da aure da iyakar gona. Da ido ya fara gazawa aka sallame ni, aka yanka mini kuɗin tsufa, jika talatin, wato sefa dubu talatin, duk wata uku. Ba a hannu ake ba ni su ba, sai ta banki a Maraɗi.

A watan Rajab, lokacin da muke likita a Maraɗi ni da uwar ɗana Bube, kuɗin hannuna suka ƙare, magani bai ƙare ba. Maman Sani, ɗan ƙanwarta Hindu, a bankin yake aiki, shi ke zaune bayan taga yana ƙirga wa mutane kuɗi. Ya ce akwai hanya: banki zai ba ni jika ashirin tun kafin nawa su shigo, idan sun shigo ya cire. Sunan abin dekuber. Na tambaye shi ko rance ne, ya ce kamar rance. Ban tsaya bincike ba. Na sa hannu, ina sauri in koma ɗakin da take.

Jiya na je karɓar kuɗin wannan zango. Lissafina a fili yake: talatin sun shigo, ashirin sun koma ga mai su, goma nawa. Maman Sani ya sunkuyar da kai ya ce bakwai ne, uku sun tafi ajiyo, wato ladan da banki ke ɗora wa wanda ya taɓa kuɗinsa kafin lokaci. Na ce masa, a hankali don akwai mutane bayana, wannan abu yana da suna a wurinmu, ban taɓa miƙa shi da hannuna ba, ba kuwa zan fara da furfura ba. Ashirin na karɓa, ashirin na mayar, a ba ni gomata cif. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu yadda nake ɗaga wa mai ƙara idan ya zarce. Ya ƙirgo goma ya ba ni.

Goman ba su kwana ba. Shida na kai wa mai kantin magani da ya yi mini haƙuri tun Sha'aban, sauran suka tafi a gero da kuɗin mota.

Na fito ina jin na kuɓuta. Sai da mota ta wuce Gazawa abin ya faɗo mini. Jika ukun da na ƙi bari ba su koma ko'ina ba, banki ya riga ya cire su. Abin da Maman Sani ya cika mini goma da shi sabon rance ne. Na ƙi biyan riba, sai na ci bashin da aka biya ta da shi, shi ma kuma ya fara haihuwa tun daga jiya.

Gabas babu komai.

Laraba, bayan asuba

Na cika buta biyu don alwala. Na mayar da ruwan ɗaya cikin randa.

Alhamis, hantsi

Na hau jaki na duba gona. Ruwa biyu aka yi a ƙarshen azumi, muka shuka, sama ta rufe. Geron bai wuce tafin hannu ba, ganyensa ya nannaɗe. Ban sauka ba. Jakin ya tsaya da kansa a gindin gawon da muke ajiye goran ruwa, ya jira a kira shi daga bakin kunya kamar yadda aka saba. Da ya ji shiru ya juya.

A hanyar dawowa na haɗu da Ɗanbaba mahauci. Ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara bai taɓa barina in wuce lafiya ba, limanci kuwa bai canza masa komai ba.

Ya ce, “Liman, kai da jakin nan wa ke ɗauke da wani? In kun faɗi a hanya ka bar wasiyya a ba ni fatar. Ta jakin nake nufi, taka ba ta da kasuwa.”

Na ce masa mahaucin da ya koma sayar da ƙashi bai kamata ya yi maganar kasuwa ba. Ya yi dariya, sannan ya ce makiyaya na gangarowa daga arewa, suna ba da saniya a kan ƴan tiyoyin gero, kuma ko an yanka ba abin da ke jikinta. Ya dube ni ya daɗe. Ya tambaya ko ina cin abinci. Na ce Hindu tana aiko mini.

Juma'a, bayan an sauko

Maigari ya tsayar da ni a ƙofar masallaci tare da dattawa. Suna son a fita roƙon ruwa. Za a aika Tasawa a nemi izinin kumandan, domin tun da soja suka karɓi ƙasa ba a tara mutane a fili sai da saninsu. Suka ce ni zan ja su, kamar yadda na ja su a farin da ya wuce, shekarar da mulki ya canza hannu. Wani tsoho ya ce bai manta ba, mako bai zagayo ba ruwa ya sauka. Ya faɗi haka yana kallon hannuwana, kamar a cikinsu ruwan yake.

Na ce Allah Ya kai mu.

Salla biyar ina jan su, zuciyata ba ta tuhumata a kan wannan, domin sallar mutum bayan mai laifi ta inganta. Roƙon ruwa daban ne. Gari ne gaba ɗaya yake zaɓen baki ɗaya ya tura gaba, wanda suke zaton babu haram a cikinsa, ya roƙa musu. Kuma ni ne, bara a kan wannan mumbari, na ce riba tana cikin abubuwan da ke riƙe ruwa a sama. Na faɗa ina kallon sahun da masu ba da tiya ɗaya su karɓi biyu da kaka suke zama. Na ce mai ci da mai bayarwa da mai rubutawa duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Sun sunkuyar da kai a ranar, ni kuwa na ji daɗin muryata.

Lahadi, bayan azahar

Na fito da littattafan fiƙihu na shimfiɗa su a zaure, na kwana biyu a kansu ina neman ƙofa.

Idan na biya jika ukun, na miƙa riba da hannuna. Idan na ƙi, tana ƙaruwa da sunana, kuma za a cire ta daga kuɗina ko na yarda ko ban yarda ba, ta fi ta yau yawa. Malamai sun yi sauƙi ga wanda larura ta tilasta wa. Ashirin ɗin farko ina iya kiransu larura, Allah Ya san ɗakin da na fito da wanda zan koma. Amma ukun nan na baya ba larura ta karɓo su ba. Girman kai ne ya tsaya a bakin taga ya ce a ba shi gomarsa.

Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne a yanke igiyar da wuri. In biya, in rufe, in tuba, sannan in tsaya gaban mutane.

Da me?

Litinin, bayan magariba

Jika uku. Na raba gadon da ya kai garken shanu ban yi kuskuren ɗan maraƙi ba.

Talata, hantsi

Hindu ta kawo fura da kanta, ba ta aiko jikokinta ba. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon akuyar yayarta, wadda ke ɗaure a turken da aka saba, haƙarƙarinta a waje. Ta ce in sayar da ita tun tana iya tsayuwa. Ta leƙa ɗakin yayar tata, ta ce su ma tasoshin jere ƙura kawai suke sha.

Ba ta san cewa ni ma na ƙirga su da ido ba, fiye da sau ɗaya. Na ce mata ba nawa ba ne. Kashi ɗaya cikin huɗu ne rabon miji idan akwai ɗa, sauran na Bube ne, kuma ba a taɓa abin da ba a raba ba sai mai shi yana nan ko ya wakilta.

Ta ce, “To, Malam, ƙahwa ɗaya taka, uku na Bube. In ta mutu wa zai ci gadon mushe?”

Na ce wannan hukuncin Allah ne, wancan kuwa hannuna ne. Ta girgiza kai ta ce yayarta ta sha fama. Ba da zafi ta faɗa ba. Kafin ta fita ta shiga ɗakin ta kakkaɓe tabarma ta nannaɗe ta, na so in ce ta bar ta a shimfiɗe, ban ce ba.

Bube shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda Allah Ya ba mu. Yana Najeriya yana neman abinci, iyaka kuwa a rufe take tun watannin baya. Na ba wani direba da ke bin hanyar daji saƙo tun a Sha'aban. Ban san ko ya same shi ba. Idan bai same shi ba, to a wurin Bube tana nan tana daka, tana faɗa da kajin maƙwabta. Wani lokaci nakan ji kamar ina ƙyashinsa.

Na raba dusa da akuyar.

Alhamis, bayan la'asar

Na je wurin Malam Maharazu, na'ibina. Mutumin kirki ne, karatunsa mai kyau, ba ya da taga a Maraɗi da aka rubuta sunansa. Na ce masa muryata ta yi rauni, fili kuwa yana son murya, ya ja mutane a wannan karo. Muryata ta yi rauni da gaske, amma na san ba don haka na zo ba, kuma na nemi gafara a kan wannan tun kafin in kai ƙofar gida.

Ya ƙi. Ya ce ko raɗa zan yi, shi zai tsaya bayana ya ɗaga wa mutane. Ya ce gari ba murya yake nema ba, ni yake nema, musamman bana da Allah Ya jarrabe ni na yi haƙuri, addu'ar irina ba ta dawowa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana faɗin haka. Ban taɓa jin yabo ya yi mini nauyi irin wannan ba.

Juma'a, bayan asuba

Gabas babu komai. Yamma ma haka.

Asabar, bayan azahar

Izini ya zo daga Tasawa. Asabar mai zuwa, da hantsi, a filin idi. Kumandan ya ce kada a yi dogon jawabi, kada kuma a ambaci kalmar nan da kowa ke ji a cikinsa amma ba a son a faɗa. Na sa aka yi shela: azumi uku kafin ranar, sadaka ga mai iko, wanda ya riƙe hakkin wani ya mayar, masu gaba su shirya. Mai shela ya bi lungu-lungu da maganata. Da ya iso ƙofar gidana ya ɗaga murya don in ji ya isar da kyau.

An raba dawar agaji, ja, mai ɗaci. Na karɓi rabona a layi ɗaya da mutanen da nake ɗaura wa aure.

Lahadi, bayan magariba

A gidan nan abu uku ne nawa ni kaɗai: littattafai, riguna, da jaki. Littattafan ba mai sayensu a shekarar da ake sayen gero da tiya rabi.

Talata, bayan la'asar

Na kira Ɗanbaba na ce ya nemo mini mai sayen jaki. Na shirya wa wasansa, har na tanadi amsa. Bai yi ba. Ya tambaya ko akwai abin da zan gaya masa, na ce babu. Ya ce to. Wannan “to” ya fi mini ciwo a kan duk zagin da ya yi mini tun muna yara.

Ya kawo wani mutumin Urafane mai amalanken ɗibar ruwa, wanda nasa jakin ya faɗi. Ɗanbaba ya yi ciniki kamar nasa, ya rantse, ya tashi, ya dawo, ya buɗe bakin jakin ya nuna haƙora. Aka tsaya a jika biyar da dala ɗari, wato rabin jika. Ya ƙi karɓar la'ada. Na gaya wa mutumin aibin jakin kamar yadda shari'a ta wajabta: yana ɗingishi idan ya sha tafiya, kuma yana tsayawa a gindin kowane gawo. Ɗanbaba ya harare ni, mutumin ya ce ya ji ya yarda.

Da suka fita jakin bai waiwayo ba. Ban san dalilin da ya sa na yi zaton zai waiwayo ba.

Biyu kuɗin mota zuwa da dawowa, uku na banki. Dala ɗari ta rage. Tafiyar biyan bashin ta kusa kai bashin.

Laraba, bayan asuba

Azumin farko. Akuya ta yi ta kuka tana kallon inda jakin yake tsayawa.

Alhamis, bayan magariba

Na dawo daga Maraɗi.

Na fita tun asuba da ƙafa zuwa bakin titi. Motar cike take da mutanen da ke barin ƙauyukansu, da tabarmi da tukwane. A kowane shinge soja suka sauke mu, a nuna takardar shaida da ta lanho, wato haraji. Wani ƙaramin soja ya ga rawanina ya ce Malam ya zauna, ya kuma roƙe ni addu'ar ruwa, ya ce su ma garinsu ba a yi ba. Na yi masa.

Na isa banki kafin azahar. Na ajiye jika uku a gaban Maman Sani na ce ya karɓa ya rufe, ya shafe sunana daga wannan abu. Ya ƙirga, ya rubuta, ya buga hatimi. Na ce alhamdu lillahi, na fara naɗe takardar. Sai ya ce, “Baba, da saura.”

Ya yi mini bayani, wannan karon ban ɗaga masa hannu ba. Kwanakin da ukun nan suka yi a hannuna su ma suna da nasu ajiyo, da wani ladan da ake ɗorawa duk wanda ya shiga dekuber ko na yini ɗaya ne. Zai kai kusan jika ɗaya. Ba a lissafa shi yanzu, sai ƙarshen zangon wata uku, daga Yamai ake aiko da lissafin. Kafin nan ba a rufewa, ba a shafewa. Na fito da dala ɗarin na ce ya karɓa a kai. Ya ce ko na bar ta ko ban bari ba, abin bai faɗo ba tukuna, ba a biyan abin da ba a rubuta ba, kuma sunana yana nan har ya faɗo.

Ya rage murya ya ce in bar masa, idan ya faɗo shi zai biya daga albashinsa, ba wanda zai sani. Na ce masa a'a. Na riga na sa shi ya zama mai rubutawa, ba zan ƙara masa zama mai bayarwa ba. Idonsa ya kawo ruwa, magidanci mai ƴaƴa, a gaban mutane. Ya ce shi ya kawo shawarar tun farko. Na ce ni na sa hannu.

Na sayar da jaki, na yi azumi a mota, na biya riba da hannuna na dama, kuma jibi zan wayi gari da sauranta a wuyana.

Daga bakin titi zuwa gida na tako da ƙafa. Da rana ta faɗi na sha ruwa a hanya daga butar wani makiyayi.

Juma'a, hantsi

Idan ba a iya wankewa da biya, saura tuba. Na zauna in yi ta bisa sharuɗɗanta, yadda na koyar da ita shekara da shekaru: a bari, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba.

A kan jika ukun na yi nadama, wannan ba wuya. Sai na koma ga ashirin ɗin farko, asalin abin duka, na nemi nadama a zuciyata. Na duba da kyau, kamar mai neman allura a cikin tabarma. Ban same ta ba. Kuɗin nan sun sayi allurar da ta sa ta yi barci ba ciwo. Sun sayi kwanakin da ta tashi zaune ta sha kunu, ta yi mini faɗa a kan ban wanke rawanina ba. Da za a mayar da ni bakin tagar nan a Rajab, a karanta mini kowane layi na takardar, a fassara mini ajiyo da Larabci, da na sa hannu.

To ina tuba? Wanda ya ce ya tuba alhali ya san zai koma, da wa yake wasa?

Juma'a, bayan la'asar

Na aika a kira Malam Maharazu, in gaya masa ba zan fito gobe ba, ya yi yadda zai yi. Kafin ya zo Hindu ta shigo da abin buɗa baki. Ta dubi turken jaki, ta dube ni. Ta ajiye ƙwarya ta zauna a bakin ɗakin yayarta, abin da ba ta taɓa yi ba ina tsakar gida.

Ta ce Maman Sani bai gaya mata komai ba, ba ya buƙata. Tana nan a likita ranar da na dawo da magani bayan na ce kuɗi sun ƙare. Ta ce da na fita salla, yayarta ta kira Maman Sani ta tsare shi sai ya faɗi inda kuɗin suka fito, ya faɗa.

Na tambaye ta abin da ta ce. Na ɗauka kuka ta yi, ko ta ji mini tsoron Allah.

Hindu ta ce, “Dariya ta yi, Malam, har tari ya sarƙe ta. Ta ce, Liman da kansa ya tahi banki saboda ni? Mutumin da ba ya cin goron mai ƙara? Ashe ina da tsada ban sani ba.” Ta share ido da bakin zane. “Ta ce kada a gaya maka ta sani, za ka ji kunya. Yini guda tana faɗin ashe ina da tsada.”

Ta tashi ta zuba wa akuya ruwa ta fita.

Da Malam Maharazu ya zo ya tambayi abin da ya sa na kira shi, sai na ce ya tsaya kusa da ni gobe, ya ɗaga abin da na faɗa.

Asabar, 29 ga Shawwal, bayan la'asar

Mun fita.

Sunna ita ce a fita da ƙafa, cikin tsofaffin tufafi, kai a ƙasa, ba turare ba ado. Na sa rigar da nake zuwa gona da ita, na yafa tsohon mayafina. A hanya Ɗanbaba ya iso gefena, ya dubi ƙafafuna cikin rairayi, ya ce a hankali, “Kai dai Liman ba ka wasa da sunna. Har jaki ka sayar don ka zo da ƙahwa.” Na ce ya yi mini shiru muna cikin zikiri. Amma na ji daɗi da wasan ya dawo.

Filin ya cika, har da makiyayan da suka sauka a bayan gari da sauran dabbobinsu. Jandarma biyu suna tsaye a inuwa, daga baya na ga ɗaya ya cire takalmi ya shiga sahu. Na ja raka'a biyu. Na juyo na tsaya a ƙasa, ba mumbari, na dubi mutanen: masu tiya biyu suna nan a sahunsu, da waɗanda suka ci bashinsu, da tsohon nan mai kallon hannuwana.

Na zo da niyyar in tsaya gaban Ubangijina ba a bina komai, ya zama ina da abin nunawa. A tsaye a wurin na ga cewa wannan salla ba a yi ta don masu abin nunawa ba. Da don su ne, da ba a ce a zo da tsumma ba. Huɗubar da na saba yi tana da wurin da nake cewa ku bar kaza, ku bar kaza. Yau bakina ya ƙi “ku”. Na ce ba wanda ya fito filin nan don ya cancanci ruwa, daga wanda ke bayan sahu har wanda ke gabanku. Na ce mun zo da abin da muka iya warwarewa da abin da ya gagare mu, da laifin da muka yi nadamarsa da wanda har yanzu muke roƙon a ba mu nadamarsa. Muryata ta yanke a nan. Malam Maharazu ya ɗaga, kalma da kalma, bai san abin da yake ɗagawa ba.

Sannan na fuskanci alƙibla na juya mayafi, na dama ya koma hagu, ciki ya koma waje, maza suka juya nasu, muna fatan Allah Ya juya mana hali. Da mayafin ya sauka a kafaɗata na ga ɗinki a gefensa, dogo, da koren zare. Ban taɓa ganinsa ba, ta ciki aka yi shi. Na tuna shekarar da ƙaya ta yage shi, na ce a ba maɗinki, uwar Bube ta ɗinke da kanta, ta ce mini farin zare ya ƙare amma ba wanda zai gani. Yau gari duka ya gani, a bayan limaminsu.

Na ɗaga hannu na roƙa. Ban san tsawon da na yi ba. Ban taɓa roƙo irin na yau ba, domin ban taɓa zuwa hannu wofi kamar yau ba.

Ruwa bai sauka ba. Mun watse cikin rana.

Lahadi, bayan asuba

Zara'u ƴar Mamudu ta rasu a likitar Maraɗi cikin watan Sha'aban, ranar wata Laraba, kanta a kan hannuna. Ga shi na rubuta. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata kabarinta, Ya sa abin da na ɗauko dominta ya tsaya a kaina ni kaɗai.

Jika ɗaya tana jirana a ƙarshen zango. Idan ta faɗo zan biya, in roƙi a riƙa ba ni kuɗina a hannu ko da zan riƙa takawa Tasawa da ƙafa. Akuya tana tsaye, ƙafa ɗaya tawa, uku na Bube. Buta ɗaya na cika yau.

Ban mayar da mayafin daidai ba, na bar koren zaren a waje.

Gabas babu komai tukuna.

Kai mai karatu, Allah Ya shayar da gonarka, Ya tsare hannunka daga takardar da ba ka san cikinta ba. Idan kuwa Ya ƙaddara maka ranar da za ka sa hannu saboda wanda kake so, Ya yi maka sauƙin hisabi, Ya ba ka wanda zai zauna a bakin ƙofarka ya gaya maka abin da ba ka sani ba. Ya dawo da na nesa gida. Ka sa ni da ita cikin addu'arka. Amin.